Daga layin kati zuwa hoton bayan ido: hanyar da muka bi da yaron da ya kalli husufin rana

Ranar Alhamis 1 ga Satumba 2016 aka yi husufin rana da safe. A Gabon da Tanzaniya da Madagaska wata ya shiga tsakiyar rana ya bar zobe, mu kuwa a arewacin Najeriya gefe ɗaya kawai ya rufe, daga bakwai da 'yan mintoci zuwa wajen goma. Damina ce, akwai siririn gajimare, yara kuma suna dogon hutu. Ɗan yayata, mai shekara 14 a lokacin, ya ɗora baƙin tabarau biyu ɗaya kan ɗaya, ya runtse idon hagu, ya yi ta kallo da na dama. Da gajimare ya gifta sai ya cire su gaba ɗaya ya kalla da ido biyu. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, darasin haske ma ni ke koyar da shi, amma hanyar asibiti ban san ta ba sai da muka bi ta, muka ɓata kwanaki da kuɗin da bai kamata mu ɓata ba. Ga yadda ta kasance.

Abu na farko da ya ruɗa gidan shi ne yaron bai ji zafi ba ko kaɗan. Ya ci abincinsa, ya yi ƙwallonsa. Sai bayan la'asar da ya buɗe Alƙur'ani ya ga harafin da ya sa wa ido ya ɓace, na damansa da na hagunsa suna nan. In ya matsa ga na gaba, shi ma ya ɓace. Da daddare ya ce wa mahaifiyarsa, "Umma, in na kalle ki hancinki ba ya nan." Ta duba idon, fari tas, ba ja, ba hawaye, ba kwantsa. Washegari aka je kyamis, aka ba su maganin ɗigawa irin na Apolo, suka ɗiga kwana biyu. Ni sai ranar Asabar labari ya zo mini. A nan ya kamata a rarrabe abu uku da mutane ke cuɗawa. Apolo yana sa ido ja da ƙaiƙayi da kwantsa, kuma yana yaɗuwa a gida. Ciwon idon walda, wanda ke kama wanda ya kalli tartsatsi ba kariya, a fatar gaban ido yake: raɗaɗi kamar an zuba yashi, hawaye, mutum ba ya iya buɗe ido, amma yakan warke cikin kwana ɗaya zuwa uku. Lahanin kallon rana kuwa can ciki yake, a tantanin bayan ido da likitoci ke kira ratina, wurin da ba shi da jijiyar jin zafi. Alamarsa takan bayyana bayan wasu sa'o'i ko washegari: tabo a tsakiyar gani, miƙaƙƙen layi ya lanƙwashe, abu ya ƙanƙance, launi ya dusashe, wani lokaci da ciwon kai. Maganin da aka ɗiga a gaban ido ba ya gyara wannan. Na sa aka daina ɗigawa, na kuma hana abin da maƙwabta suka kawo na nonon mai shayarwa da ruwan sukari da tozali, domin waɗannan ƙara wata cutar za su yi a kan wadda ake fama da ita.

Ranar Litinin muka tafi babban asibitin garinmu, kuma a nan muka yi kuskure na biyu. Muka biya kuɗin kati, muka jira a buɗe fayil, aka auna zafin jikinsa da nauyinsa, muka zauna a bencin masu jiran likita tare da masu zazzaɓi da masu ciwon ciki har azahar ta kusa. Likitan ya haska idon da tocila, ya ce a waje bai ga komai ba, kuma gaskiya ya faɗa, domin ba abin da za a gani a waje. Ya ce sashensu na ido ba kullum yake zama ba, kuma ba su da likitan da zai duba bayan ido. Ya rubuta mana takardar turawa. Wuni guda ya tafi a kan takarda ɗaya. Da mun yi tambaya tun a bakin ƙofa, "Akwai likitan ido yau? Ana buɗe ido da magani a duba baya?" da mun san inda za mu nufa. Duk da haka takardar ta yi amfani, saboda wasu manyan asibitoci ba sa karɓar sabon mara lafiya kai tsaye, kuma mai inshorar lafiya sai da ita ake biya masa. A kyamis ne dai muka yi asara zalla.

Laraba 7 ga wata muka isa asibitin da ke da sashen ido cikakke, ƙarfe shida da rabi na safe, muka tarar an riga an fara ba da lamba. Tsarin shi ne: lamba tukuna, sannan tagar biyan kuɗi, sannan ofishin fayil da rasit a hannu, sannan benci. Kowane gwaji da rasit ɗinsa, kuma kowane rasit komawa layin biya ne, saboda haka a je mutum biyu, ɗaya ya riƙe layi ɗaya ya zauna da yaro. Ɗakin farko na auna gani ne. Aka tsayar da shi mita shida daga allon haruffa, aka rufe ido ɗaya aka gwada ɗaya. Idon hagu ya karanta har layin 6/9, na dama ya tsaya a 6/18. Ma'anar 6/18 ita ce abin da mai lafiyar ido ke karantawa daga mita 18, shi sai ya matso mita 6. Na lura yana karkata kai kaɗan yana satar harafi da gefen ido, malamar da ke gwajin ta ce, "Ɗana, kalli allon sosai, kar ka juya kai." Daga nan ta ba shi wani faifai mai ɗan ƙaramin huji ya leƙa ta ciki. Wannan gwajin yana da muhimmanci: in matsalar ta rashin tabarau ce, gani yakan gyaru ta cikin hujin. Nasa bai gyaru ba. A rubuta waɗannan lambobin a ajiye, domin da su za a gwada duk wani ci gaba.

Wajen sha ɗaya muka shiga wurin likita. Abin da ya fi gaggauta aikin shi ne na rubuto komai a takarda tun daga gida: ranar da ya kalla, wajen ƙarfe nawa, da me, da wane ido, sau nawa, yaushe alama ta fara, da kwalbar maganin kyamis a aljihu. Yara sukan ɓoye cewa sun kalli rana don tsoron faɗa, likita kuma in bai ji wannan ba sai ya fara neman wasu cututtukan. Likitan ya miƙa masa wata takarda mai layukan murabba'i kamar ta darasin lissafi, faɗinta santimita 10, gidajenta rabin santimita, da ɗigo baƙi a tsakiya. Sunanta Amsila. Ana riƙe ta kamar santimita 30 daga fuska, a rufe ido ɗaya, a kafe ɗayan a kan ɗigon. Yaron ya ce, "Ba na ganin ɗigon." Aka ce ya bi layukan da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa ya ƙiyasta tsakiya, ya zana da fensir inda ya ɓace. Ya zana wani abu kamar ƙwayar wake, gida uku zuwa huɗu, layukan gefensa sun ɗan karkace. A idon hagu ɗigon yana nan, sai dai ya yi hazo. Daga nan aka ɗora haɓarsa a kan na'urar nan mai siririn haske, aka taɓa idon da wata 'yar takarda mai launin lemo aka haska da shuɗiyar fitila don a ga ko gaban idon ya ƙuje. Lafiya lau. Aka auna ƙarfin ruwan ido, shi ma daidai.

Sai matakin da ya fi cin lokaci, wato buɗe baƙin ido da magani. Ana ɗiga shi, yana ɗan yaji na 'yan daƙiƙoƙi, a koma benci a rufe ido minti ashirin zuwa talatin, wani lokaci a ƙara ɗigawa. Ba wanda ya gaya mana tun farko cewa bayan wannan gani na kusa zai dusashe na sa'o'i huɗu zuwa shida, haske kuma zai dame shi. Na ga tsoro a fuskar yaron da ya buɗe ido ya kasa ganin layin tafin hannunsa, ya ce, "Kawu, ya ƙaru." Sai da malamar ta kwantar masa da hankali cewa aikin maganin ne. A tafi da hula mai baki da baƙin tabarau don komawa gida, kuma babba in shi za a duba kada ya zo a kan babur ɗinsa. Da muka koma ciki, likitan ya riƙe wani ɗan madubi a gaban idon ya daɗe yana dubawa, ya ce yaron ya kalli sama, ƙasa, dama, hagu, sannan ya kalli hasken. Ya ɗago ya ce, "Malam, akwai ɗan tabo rawaya-rawaya a daidai tsakiya, ya fi fitowa a dama. Ya yi daidai da labarin da kuka bayar."

Bayanin da ya yi shi ne wanda nake so kowane uba ya riƙe. A tsakiyar ratina akwai wani ɗan wuri da bai kai kan allurar ɗinki biyu ba, da shi muke karatu, da shi muke gane fuska, da shi ake zura zare. Duk abin da ka kafa wa ido a nan hotonsa ke sauka. Ido yana tattara haske kamar madubin ƙara girma, hoton rana kuma yakan sauka a wurin a matsayin ɗigon da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Yawanci ba ƙuna ba ce irin ta wuta. Hasken ne mai ƙarfi, musamman shuɗin ɓangarensa, ke tayar da wasu sinadarai da ke lalata ƙwayoyin gani, shi ya sa alamar ke jinkiri. Ranar husufi ba ta fitar da wani haske na daban mai dafi, kamar yadda ake faɗa a gari. Rana ɗaya ce da ta kullum. Bambancin shi ne kullum ƙyallinta yana korar ido cikin ƙiftawa, ranar husufi kuwa ƙyallin ya ragu, mutum yana da dalilin kafe ido, alhali sashen da ya rage a buɗe ƙarfinsa bai ragu da komai ba. Baƙin tabarau da siririn gajimare suna ƙara ɓata lamarin, domin suna cire ƙyallin da ke gargaɗi, baƙin ido kuma ya ƙara buɗewa a bayansu. Yara sun fi shiga haɗari saboda madubin cikin idonsu garai yake, ba ya tare haske kamar na manya.

Likitan ya nemi a yi hoton da ake kira OCT, wanda ke nuna ratina a yanke sala-sala kamar an yanka burodi. Na'urar ba ta nan a asibitin a lokacin, sai a wani asibitin ido mai zaman kansa a wani gari. Babbar Sallah kuma ta kama Litinin 12 ga wata, hutu zai shiga, don haka muka yi sammako ranar Juma'a. Farashin 2016 ba zai amfani kowa yau ba, amma ga ma'auni: kuɗin hoton nan shi kaɗai ya fi na kati da ganin likita da duk sauran gwaje-gwajen a haɗe, ban da kuɗin mota. A buga waya a tabbatar na'urar tana aiki kafin a kama hanya. Hoton kansa bai kai minti goma ba, ba allura, ba a taɓa ido, yaro yana kallon wata alama ne kawai a cikin na'ura. A takardar da aka buga mana, layukan ratina suna tafiya sumul, sai a daidai tsakiya wani siririn farin layi na ƙasa ya yanke, ya bar ɗan gibi. A nemi a ba da bugaggen kwafi, a kuma ɗauki hotonsa a waya. Ra'ayina a kan wannan hoton: bai canza abin da aka yi wa yaron ba, amma ya tabbatar ba wata cutar ba ce, ya kuma zama abin gwadawa daga baya. Wanda ba shi da hali, duban bayan ido da takardar Amsila sun isa a bi yaro da su, in likita ya yarda.

Abin da ya fi yi wa Yaya nauyi shi ne mun dawo ba kwalbar magani. Ta ce, "Duk wannan yawon, ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba?" Gaskiyar ita ce babu maganin da aka tabbatar yana warkar da wannan lahani, ba ɗigawa, ba sha, ba tiyata, ba tabarau. Ana jira ne jiki ya gyara abin da zai iya gyarawa. Yawancin mutane ganinsu yana dawowa sosai cikin wata ɗaya zuwa shida, wasu kuma ɗan tabo yakan zauna musu. Likitan ya ce karatu ba ya ƙara lahanin, kada a rufe idon da bandeji, kada a kulle yaro a ɗaki mai duhu, kawai kada ya sake kallon rana ko walda. Ya gargaɗe mu musamman a kan magungunan ɗigawa masu sinadarin sitiroid da ake saya ba takardar likita, domin daɗewa a kansu na iya tayar da ƙarfin ruwan ido ko ya jawo yana. Muka manna takardar Amsila a bangon ɗaki, duk Juma'a yana zana tabon a sabon kwafi da kwanan wata. Da aka koma makaranta na rubuta wa shugaban makarantar aka dawo da shi bencin gaba. Komawa asibiti ta fi sauƙi, tunda fayil yana nan, katin alƙawari kawai ake nunawa. Bayan sati biyu idon dama ya kai 6/12, rawayan tabon ya fara komawa ja-ja. A sati na shida hagu ya koma 6/6. A wata na uku dama ya kai 6/9, a na shida 6/6, aka sallame shi. Amma har yau in ya rufe hagu ya kalli ɗigon wasali a ƙaramin rubutu, yakan ɓace masa ya dawo.

Da na bi diddigin dalilin da ya sa ba wanda ya hana shi a ranar, sai na tarar da husufin Laraba 29 ga Maris 2006. Wancan cikakke ne, inuwarsa ta bi ta Gana da Togo da Binin, ta ratsa Saki da Gusau da Katsina, ta shiga Nijar ta wajen Maraɗi, ta wuce Chadi da Libiya. Manya suna cewa, "Mu da muka kalla da idonmu gari ya yi duhu, me ya same mu?" Sun yi gaskiya a kan 'yan mintocin nan kaɗai. Lokacin da wata ya rufe rana ruf, ana iya kallo da ido. Da zarar bakinta ya leƙo, ko da kamar zare, haɗarin ya dawo. Husufin sashe da na zobe kuwa ba su da irin wannan lokacin ko na daƙiƙa ɗaya.

Abubuwan da aka saba amfani da su a unguwa duk ba sa karewa: baƙin tabarau ko guda nawa, gilashin da aka turara da hayaƙin aci-balbal, fim ɗin hoton ƙashi, faifan CD, baƙar leda, gilashin mota mai duhu. Lissafin a fili yake. Baƙin tabarau na kasuwa yana barin kusan kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na haske ya wuce, matacin kallon rana na gaskiya kuwa bai wuce kashi 0.003 ba. Kallon rana a kwanon ruwa, wanda kakanni suka yarda da shi, shi ma bai tsira ba, domin ruwa yana maido da kusan kashi 2 cikin ɗari, ninki ɗaruruwa kenan a kan abin da ya dace. Waya ma tarko ce, saboda mai saita ta yakan leƙa ta gefenta. Abin da ke karewa biyu ne. Na farko tabarau na husufi mai lambar ISO 12312-2, amma tunda 'yan jabu ma suna buga lambar, a gwada shi: a cikin ɗaki kada ka ga komai ta cikinsa, ko taga, ko fuskar mutum, sai fitila mai tsananin haske da za ta fito dishi-dishi. In akwai ƙujewa ko huji, ko fim ɗin ya ɓalle daga kwali, a yar. Na biyu gilashin walda mai lamba 12, 13 ko 14, lambar tana jikin gilashin. Yawancin waɗanda ke shagunan walda 10 ne ko 11, wasu ma ba lamba, don haka kar a ɗauka kawai don yana da duhu. Ana sawa ne kai a sunkuye sannan a ɗaga, a kuma juya baya kafin a cire. Mai tabarau na likita ya ɗora na husufin a kansa. Kuma kada a sa shi a leƙa ta kyamara ko madubin hangen nesa, hasken da suka tattara zai huda fim ɗin nan take.

Ga yara, ni na fi yarda da hanyar da ba a ɗaga kai sam. A samo kwali dogo, a yanke 'yar taga a gefe ɗaya, a manna takardar gwangwani irin ta cikin kwalin shayi, a huda ta da allura huji ɗaya mai tsabta kamar milimita ɗaya. A ɗaya gefen daga ciki a manna farar takarda, a yanke wurin leƙawa a kusa da ita. Yaro ya ba wa rana baya, haske ya shigo ta hujin ya sauka a kan farar takardar. Girman hoton ya danganta da tsawon kwalin, mita ɗaya tana ba da kusan milimita 9. Kuskuren da ake yi biyu ne: a faɗaɗa hujin don hoton ya girma, sai ya ƙara haske kawai ya dusashe, ko kuma yaro ya juya ya leƙa rana ta cikin hujin, wanda shi ne ainihin abin da ake gudu. Don aji guda, a rufe ƙaramin madubi da takarda a bar fili kamar rabin santimita, a jefa hasken a bangon ɗaki mai inuwa daga mita goma, za a sami hoto kusan santimita 9, a dai tsare kada wani ya tsaya a hanyar hasken. Mafi sauƙi duka, a ɗaga madambaci ko kwandon tace taliya a kan farin zane, ko a duba ƙasan darbejiya, kowane ɗigon haske zai koma kamar jinjirin wata.

Husufin rana a ƙarshen watan Musulunci yake faɗowa, kuma ana sanin ranarsa shekaru kafin ya zo. Ranar 6 ga Fabrairu 2027 akwai na zobe da zai ƙare a gaɓar Gana da Togo da Binin da kudu maso yammacin Najeriya gab da faɗuwar rana. Ranar 2 ga Agusta 2027 akwai cikakke da zai bi ta Maroko da Libiya da Masar, ya wuce minti shida a Luksor, ya ratsa Jidda da Makka, don haka masu Umara a lokacin su sa tabarau na husufi a jaka. A ƙasar Hausa sashe kawai za a gani, ba lokacin cire kariya. Cikakke na gaba da zai taɓa Najeriya da Kamaru da Chadi da Sudan shi ne na 20 ga Maris 2034. Lokacin da aka fi barin yara su kaɗai shi ne sa'ar da manya suka shiga masallaci sallar husufi, wadda ake tsawaita karatunta da ruku'unta, kuma a wannan lokacin ne ɗan yayata ya yi kallonsa. A bar babba ɗaya a tsakar gida tare da su, da kwali a hannu.